Takardun da Hamma Ya Sa a Intanet

Shekarar da masu gudun hijira suka cika Jimeta, gidanmu na Demsawo ya samu rabonsa: Goggo, da 'yarta, da leda guda. Babu zane a ledar, babu ɗan kunne, sai takardun sakandaren yarinyar. Da su ta ratso daji, ɗaure a ƙarƙashin riga.

Sai muka ji a rediyo wata gidauniya za ta ɗauki nauyin karatun jinya ga yaran da rikicin ya kora. Sharaɗin shi ne a tura takardu ta intanet kafin ƙarshen wata. Ni lokacin ina koyarwa a Girei, ba na yini a gida, sai babban wanmu, wanda muke kira Hamma, ya ce a bar masa. Shi ne ɗan zamanin gidan, kullum kansa a sunkuye kan shuɗin dandalin nan na hotuna da gaishe-gaishe.

Sau biyu ina tambayarsa. "Na sa su tun tuni," in ji shi. "Mutane ma sun gani." Ban tsaya na ce waɗanne mutane ba, kuma har yau ina jin haushin kaina.

Sunaye suka fito, babu nata. Na ce ya nuna min inda ya tura. Ya buɗe shafinsa yana wani cika baki. Ga takardun nan a baje, da hotonta, tsakanin ɗaurin auren abokinsa da tallar takalma. A sama ya rubuta, "Masu gidauniyar karatun jinya ku duba." A ƙasa amin ce a jere, kamar an zubar da gero. Wani ƙato ma lambar yarinyar yake nema.

"Hamma, ba nan ba ne. Suna da nasu shafin, da fom ɗin da ake cikewa."

"Wane shafi kuma? Intanet suka ce. Wannan ba shi ne intanet ba? In ba su gani ba, su ne ba su shiga."

Abin da ya fi ba ni ƙyama, jama'a bayansa suka bi. Telan layinmu, mai keken da ke kai ni tasha, har wani abokin aikina mai digiri, kowa cewa yake ai Hamma ya yi nasa, masu gidauniyar ne 'yan son kai.

Yanzu yarinyar awara take soyawa a Sangere, bakin gidajen ɗalibai. Duk shekara dandalin yana tuna wa Hamma da hoton, shi kuma ya sake yaɗawa, a sake jero amin.

Bara ina tsaye a wurinta wata ɗaliba ta miƙo mata waya. "Adda, ba ke ne wannan ba? Ashe kin yi karatun jinya?"

Ta daɗe tana kallon takardunta. Sannan ta tambayi ɗalibar ko a sa mata yaji.