Abin da Na Ce Na Gani a Kan Dutsen Kwatarkwashi

Ina kan keken ɗinki ina kalmashe bakin wani zane, wayata ta yi ƙara. Babban ɗan ƙawata ne. Bai tsaya gaisuwa ba, shi da kullum sai ya tambayi lafiyar kowa a gidan har awakina.

"Inna," ya ce, "Mama ta tafi. Da safen nan, a asibiti."

Na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na tambaye shi yaushe za a binne ta, ya ce sai danginsu sun iso daga kudancin Kaduna. Na ajiye wayar, na sauke ƙafata daga keken. Ban yi kuka a lokacin ba. Abin da ya faɗo mini a rai shi ne dutsen Kwatarkwashi, da wata magana da na gaya mata a jikinsa muna 'yan aji shida, wadda ba gaskiya ba ce.

Ni 'yar Bilbis ce, can wajen Tsafe. Ina shekara takwas aka kawo ni Gusau wurin Gwaggo, ƙanwar mahaifina, don in yi makaranta. Sau ɗaya a shekara nake zuwa gida, wata shekarar ma ba a samu mai kai ni ba. A aji uku aka zaunar da ni benci ɗaya da wannan ƙawar tawa. Babanta ma'aikacin reluwe ne, su Kiristoci ne, amma Hausarta ta fi tawa gudu. Shan inna ya taɓa ƙafarta ta hagu tun tana goye, sai ta dafa gwiwa take tafiya. Ba ta son a jira ta, ba ta kuma son a bar ta a baya. Ni kaɗai na iya tafiya da ita yadda ba za ta ji an rage mata sauri ba.

Malaminmu na aji shida yana da wata al'ada. In an gama jarrabawar shiga sakandare, a farkon damina, sai ya kwashi ajinsa a je a kwana biyu a makarantar firamare da ke gindin dutsen Kwatarkwashi. Da ƙafarsa yake bin gidaje neman izini. Ina bayan ƙofar zaure na ji mijin Gwaggo yana cewa, "Malam, ɗiya mace ta kwana daji?"

"Ba daji ba ne, Alhaji. Aji ne, da ƙofa da sakata. Kuma akwai Malama da ke kwana tare da 'yan matan."

"To in ta faɗo fa?"

"Shekara nawa ina kai su, ko takalmi ban taɓa bari can ba."

Aka amince. Gwaggo ta ƙulla mini garin kwaki da ƙuliƙuli a leda, ta naɗe mini tabarma, ta ba ni buta. Mahaifin wani ɗan ajinmu ya ara mana gingimarin da yake ɗaukar auduga, muka hau baya, gashinmu da kayanmu duk farin ƙullutun auduga.

Kafin motar ta tashi Malam ya jera mu biyu-biyu. Shi ba ya ƙirga kawuna. Kowa sai ya ba shi mutum ɗaya, ya ce wannan ne amanarka har mu dawo. Ba ka shan ruwa sai amanarka ya sha. In ya tsaya, ka tsaya. Duk lokacin da Malam ya ɗaga murya ya ce "Amana!" kowa zai kama hannun nasa ya ɗaga sama. Wanda hannunsa yake wofi, daga nesa ake ganinsa. Da ya zo kanmu bai ko yi tunani ba, ya haɗa hannuna da nata ya wuce.

A hanya ne wani ɗan Karakkai, wanda yayansa ya taɓa zuwa, ya ce daga ƙolin dutsen ana hango Tsafe.

"Har Bilbis?" na ce.

"Bilbis? Ke, har kajin gidanku sai kin ƙirga."

Aka yi dariya. Ƙawata ta ce masa, "Kai da ko allo ba ka gani sai an dawo da kai gaba." Ni ban yi dariya ba. Rabona da ganin mahaifiyata ya fi shekara. Tun daga nan na sa a raina cewa sai na kai ƙolin nan.

Na sha ganin dutsen daga cikin mota in za a kai ni gida, amma ban taɓa tsayawa a gindinsa ba. Da muka sauka, hayaniyarmu ta mutu da kanta. Sai ka ɗaga kai har ɗankwali ya zame kafin ka ga ƙarshensa. Baƙi ne, da zane-zanen fari inda ruwa ke gangarowa, kuma itatuwa sun fito daga tsagoginsa, ba ƙasa ba komai, sun yi kore shar. Gidajen garin sun lafe a ƙafarsa kamar 'yan tsaki a jikin kaza. Da asuba, bayan mun yi salla, ƙawata ta ja ni waje. Garin yana cikin duhu-duhu, amma can sama rana ta riga ta kama kan dutsen, ya yi ja kamar garwashi. Muka tsaya muna kallon hasken yana saukowa a hankali har ya iso kan rufin makarantar.

"Ashe rana sai ta gaida shi kafin ta zo wurinmu," ta ce.

Bayan koko muka fara hawa, wani dattijon garin yana gaba da sandarsa. Ya ce mu cire takalma, ƙafa ta fi kama dutse. Dutsen da sanyi da farko, daga baya ya fara ɗumi. Akwai ramuka cike da ruwan sama, 'ya'yan kwaɗi suna iyo ciki. Rema suna leƙo mu daga tsaguwa su koma. Ƙawata tana hawa da hannu biyu da ƙafa ɗaya, tana jan ɗayar, gumi yana ɗiga daga haɓarta. Ba ta ce ta gaji ba. Da muka kai wani fili mai inuwar ƙaton dutse, wajen rabin hanya, sai ƙafar mai lafiyar ta fara rawa, ta zauna.

A nan Malama take tsayawa da waɗanda suka gaza, kowa da amanarsa. Malam da sauran suka ci gaba. Na zauna ina kallon bayansu suna ƙanƙancewa. Ita kuwa ta san ni.

"Ke, tashi ki bi su," ta ce a hankali.

"Malam ya hana."

"Malama na can tana fama da mai amai. Je ki gano mana. In kin dawo ki ba ni labari, kar ki rage komai."

Ban bari ta faɗa sau biyu ba. Na zagaya bayan dutsen na bi sawunsu. Na hau da gudu da rarrafe, ban dubi dama ko hagu ba, gwiwata ta kurje ban ji ba. Na same su a wani lungu tsakanin duwatsu biyu, inda Malam yake tara yara kafin hawan ƙarshe. Ƙolin yana nan sama da mu, bai fi jifa ɗaya ba. Ina shiga cikinsu ina haki, sai na ji muryarsa.

"Amana!"

Hannuwa suka tashi biyu-biyu. Nawa yana rataye a gefena.

Bai yi tsawa ba. Ya tako har gabana ya ce, "Ina amanarki?"

"Tana wurin Malama. Ita ta ce in taho, Malam."

"Ita ta ba ki ita, ko ni?"

Ya nuna hanyar da na biyo.

"Juya."

Ya roƙi dattijon ya mayar da ni. Na sauko ina bin dugadugansa, idona cike da hawaye, ban ga komai ba sai dutsen da nake takawa. Kafin mu ƙarasa na tsaya na wanke fuskata a wani ramin ruwa. Dattijon ya nuna mini filin da sandarsa ya koma sama.

Na same ta ta matsa har kusa da bakin dutsen, ta miƙe ƙafafu. Ba ta juyo ba, ta dai daki dutsen gefenta da tafi, alamar in zauna.

"Yi shiru. Duba ƙasa."

Mikiya ce, har guda biyu, suna shawagi a ƙasa da mu. Tunda nake ban taɓa ganin bayan tsuntsu yana tashi ba, kullum cikinsa nake gani. Ba su kaɗa fiffike, iska ce kawai take riƙe da su, suna juyawa a hankali, inuwarsu tana bin gonaki. Gonakin an yi huɗa, kunya-kunya, ja da baƙi, har inda ido ya ƙare. Manoma da shanun huɗarsu ba su fi tsabar dawa ba. Ƙarar garin tana hawowa wurinmu ɗaya-ɗaya: luguden mata, carar zakara, wata uwa tana kiran ɗanta, kamar a kunnenmu take. Sannan daga gabas hadari ya haɗo. Mun ga ruwan yana tafiya a tsaye kamar labule, yana cinye gona bayan gona, inda ya taka ya yi duhu, gabansa kuma rana tana haske. Bai zo kanmu ba, ya karkata kudu. Iskarsa kaɗai ta iso da ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa.

"Kai," ta ce. "Ubangiji ya iya aiki."

Na ce, "Tsarki ya tabbata gare shi." Har yau in ana maganar girman Allah a wurin karatu, wannan wurin nake gani.

Can ta juyo ta dube ni. "To, ba ni. Mi kig gani a sama?"

Kunya ce ta kama ni, da kuma ganin yadda fuskarta take jira. Na buɗe baki na ce na ga Gusau, rufin kwano yana ƙyalli kamar an watsa kwabbai. Na ce na ga jirgin ƙasa yana jan jiki kamar tsutsa.

"Na Babana ne," ta ce. "Bilbis fa?"

"Na gan ta. Na ga tsamiyar ƙofar gidanmu."

Ta kama hannuna ta matse. "Kin gani ko? Da kin zauna nan kina kumbura baki."

Da sauran suka sauko Malam ya ce "Amana!" muka ɗaga hannu tare. Ya dube mu, ya kawar da kai, bai sake tayar da maganar ba.

Bayan 'yan makonni muka gama firamare. Ita ta yi nisa a karatu, ta samu aikin ofis a sakatariya. Ni na tsaya a aji uku na sakandare na koyi ɗinki. Duk muka yi aure a Gusau, muka haifi 'ya'ya. Da salla in aika mata tuwo da nama, da Kirsimeti ta aiko mini shinkafa da kaza, sai ta sa an kai wa mahaucin unguwarmu ya yanka don in ci hankali kwance. In muka haɗu yara suna wurin, ba ta mantawa.

"Ƙawa, ba yaran nan labarin saman dutse. Su da ko Magami ba a barinsu su je."

Gaskiyarta, yanzu ba uban da zai bar ɗansa ya kwana a wajen gari, kuma ba malamin da zai tambaya. Sai in ba su. Labarin yana ƙaruwa da shekaru. Na sa kogi a ciki, na sa kasuwar Tsafe tana ci, wata rana har na ce na ga mace tana shanya a tsakar gidanmu. Ita kuma tana gefe tana gyara mini.

"Kin manta jirgin."

"Ina zuwa wurin jirgin, ke kin cika gaggawa."

"Wancan karon tsamiya ɗaya ce, yau ta zama biyu?"

"Ta haihu."

Yara su yi ta dariya, ita ta fi kowa.

Sai da na manyanta wani abu ya fara damuna. Yara sun fi talatin a lungun nan lokacin da Malam ya ce in juya. Da su muka kwana a aji ɗaya a ranar, da su muka dawo a mota ɗaya. Ɗan Karakkai ba ya iya riƙe magana ko ta minti ɗaya. Da wuya a ce ba wanda ya gaya mata. In kuwa ta sani, to shekara talatin da wani abu tana sa ni in ba da labarin wurin da ta san ban taka ba, tana sauraro kamar yau ta fara ji. Ban san ko don ta rufa mini asiri ba ne, ko don ita ta aike ni tana jin laifin nata ne, ko kuma tana son labarin ne kawai.

Makonni biyu kafin rasuwarta na je duba ta a asibiti. Ta rame, muryarta ta yi ƙasa. Na tafi da niyyar in gaya mata, har na shirya kalmomin a cikin Keke Napep. Da na zauna bakin gadon ta ce 'yarta ta ɗaga mata filo, sannan ta ce, "Ƙawa, kai ni sama."

Na dubi 'yar, na dubi robar ƙarin ruwa da ke hannunta. Na fara daga rufin kwanon Gusau. Ta lumshe ido tana gyaɗa kai. Ban kai ga tsamiya ba barci ya ɗauke ta. Na ce a raina in ta ji sauƙi ta koma gida, ranar da muke mu biyu, zan faɗa mata, in kuma tambaye ta tun yaushe ta sani.

Ban gaya mata ba, ban kuma tambaye ta ba.