Zomon Labaran Wanzami

Duk wanda ya yi aikin masaƙa a Sharada cikin shekarun saba'in ya san Labaran wanzami, in ma bai riƙe sunansa ba to ƙeyarsa ta san hannunsa. A gindin darbejiyar da ke daura da ƙofar kamfani yake shimfiɗa tabarma, ya ajiye zabirarsa da ɗan kaskon ruwa da sabulu. Da jiniya ta kaɗa, masu aikin safe suka fito da ƙurar auduga a ka kamar tsofaffi, sai ka ga an yi masa layi. Mutum ne mai tsiya. Bai taɓa yi wa kowa aski bai kushe kansa ba: wannan nasa kamar ƙwaryar da ta faɗi, wancan ko kyauta aka ba shi ba ya so. Ana dariya ana miƙa masa kai, don an san askarsa ba ta ƙwarzane. Gado ya yi. Ubansa wanzamin Challawa ne tun ba a san za a kafa majemu a gonakin garin ba, kuma gidajen da uban ya yi wa aiki su Labaran ya ci gaba da yi wa askin suna da cire belu da kaciya.

Zomon kuwa daga Bompai ya zo. Wani Bature injiniya da Labaran ke zuwa yi wa gyaran fuska ne zai koma ƙasarsu, matarsa ta rasa yadda za ta yi da wani farin zomo mai dogon gashi, irin da ba a saba gani a nan ba. Kuku ya ce a ba shi, ta kalle shi ta kalli tukunyarsa ta ƙi. Ta ce mai almakashi za ta ba, domin dabbar in ba ana taje ta ana rage mata gashi ba, zafi kashe ta zai yi. Labaran ya ɗauro shi a bayan keke cikin kwali. Matarsa Zaituna ta leƙa ta ce, "Malam, wannan na miya ne ko na kallo?" Ya ce na kallo ne, kuma duk wanda ya kusance shi da wuƙa sai sun yi shari'a. 'Ya'yansu duk sun yi aure sun bar gida, don haka zomo ya samu gata. Suka sa masa suna Auduga.

Da bazara ta kama, bayan la'asar, Labaran kan ɗora shi a cinya ya fara da mataji, daga ƙeya zuwa gindin wutsiya, yana warware kulli da yatsa. Inda ya ƙi warwaruwa, kamar hammata da ƙasan ciki da bayan kunne, sai ya zura matajin tsakanin gashi da fata, ya yanka ta samansa. Shi da kansa ya gano cewa fatar zomo kamar jiƙaƙƙiyar takarda take: in ka ja gashin sai ta biyo shi, ta shige bakin almakashi ba ka sani ba. Shekaru yana yi bai taɓa fitar masa da jini ba, kuma yana faɗa wa kowa, har da wanda bai tambaya ba.

Wata safiya yana shan koko ya ji ludayi yana ƙwanƙwasa bakin ƙwarya shi kaɗai. Ya dubi hannunsa na dama, ya ga babban yatsa da manuni suna rawa. Ya ce wa kansa gajiya ce. Gajiyar ta ƙi tafiya. Ya sha rubutu, ya sha saiwa, ya rage goro, rawar sai ƙaruwa take. A bakin kamfani ya koyi dabarar dafa tsintsiyar hannunsa a kan wanda yake yi wa aski kafin ya ja aska, ya kuma ƙara yawan tsiya don kada idon kowa ya sauka kan yatsunsa. Tsoro ya shige shi sosai, irin wanda bai taɓa sani ba. Ko Zaituna bai gaya wa ba. Auduga ma ya daina taɓa shi da almakashi, har gashin ya cukurkuɗe, dabbar tana kwance a bayan randa tana haki.

Ana nan sai ga Muntari, ma'aikacin majema a Challawa, ya yi sallama da ƙullin goro. Labaran ne ya yi wa Muntari askin suna da hannunsa. Matar Muntari ta daɗe ba ta samu haihuwa ba, har an fara cire rai, yanzu ta sauka lafiya, namiji.

"Baba, gobe ne fa," in ji Muntari, bakinsa har kunne. "Hannun da ya aske ni shi zai aske shi. Belun ma sai ku haɗa gaba ɗaya."

Labaran ya karɓi goron da hannu biyu don na hagu ya tallafi na dama. Muntari ya ɗauka karamci ne.

Da ya tafi, Labaran ya zauna ya rasa abin da ke masa daɗi. Akwai wani wanzamin a Na'ibawa, Sule, amma Labaran ya sha faɗa a bainar jama'a cewa gara mutum ya kai kansa wurin masassaƙi da ya kai wa Sule. Yanzu shi ne zai ce a kira shi? Sai wata dabara ta faɗo masa. Fatar Auduga ta fi ta jariri laushi. In ya gama da zomo lafiya, to zai iya da yaro.

Ya ɗauko shi ya kwantar a cinya. Ya taje bayan, ya rage na wuya, duk lafiya. Da ya zo ƙasan ciki sai ya ajiye mataji da almakashi ya zaro aska, domin kan jariri ba a kare shi da mataji, kuma yana son gwajin ya zama na gaskiya. Ya yi bisimilla. Ja na farko ya tafi sumul. A na biyu yatsan ya zabura.

Bai taɓa jin muryar zomon nan ba sai ranar. Wata irin ƙara ya ƙwalla, siririya mai tsawo, sak kukan jariri. Fatar ta buɗe fiye da inda askar ta taɓa, jini ya bi farin gashin ya sauka a wandon Labaran. Zaituna ta fito daga madafa a guje tana salati. Ita ce ta ƙona tsumma ta danna tokar a ciwon, don shi hannunsa ya ƙi tsayawa. Ta dubi hannun, ta dube shi.

"Malam, tun yaushe?"

"Ki riƙe shi da kyau," ya ce, "kada ya motsa."

"Kuma goben za ku je?"

Ya ce an riga an kawo goro. Zomon dai bai mutu ba, amma Labaran bai iya cin tuwo ba.

Ka ce zai haƙura? Ina! Kunya ta fi ƙarfinsa. Da safe ya rataya zabira ya hau keke. Ƙofar gidan Muntari cike take, ga 'yan majema abokan aikinsa, ga dattawan gari, an raɗa suna an yanka rago. Ana ganinsa aka fara, "Ga mai hannun ya iso!" Aka shigar da shi soro. Ungozoma ta fito da yaron a cikin zane ta zauna gabansa, Muntari ya tsuguna a gefe yana murmushi.

Labaran ya jiƙa kan yaron da ruwan ɗumi. Ɗan kai ne da bai cika tafin hannu ba, maɗigarsa tana bugawa a hankali ƙarƙashin gashi. Ya wasa aska, ya sake wasawa, har ungozoma ta ce, "Malam, ai ta yi." Ya kai ta kusa. Yaron ya motsa ya yi ɗan kuka, sai ƙarar jiya ta dawo masa a kunne. Ya san zai iya dafa hannunsa ya yi dabarar bakin kamfani, wataƙila askin ya wuce lafiya. To belun fa, da sai an zura ƙarfe cikin maƙogwaro?

Ya ajiye askar a kan tabarma. Ya ɗaga hannunsa na dama a gaban kowa, ya sake shi. Yatsun suka yi ta rawa.

"Muntari," ya ce, "ka aika Na'ibawa a kira Sule."

"Baba, ko ku ɗan huta tukuna?"

"Ba hutu ba ne, ɗana. Ka aika."

Aka tafi da babur aka ɗauko Sule. Labaran bai tashi ba, a nan ya zauna da hannuwansa cikin aljihun riga, yana kallon wani yana yin aikin gidan da ubansa ya bar masa. Yaron ya yi kuka irin wanda kowane jariri ke yi, aka mayar wa uwarsa shi lafiya. Labaran ya ce alhamdu lillahi da ƙarfi, sannan hawaye suka zubo masa, bai kuma ɓoye su ba.

Washegari da jiniya ta kaɗa, masu aikin safe suka nufi gindin darbejiya kamar yadda suka saba. Suka ɗan tsaya suna jira, da suka ga babu tabarma sai suka watse.