Memorin da Na Jefa a Ruwa

Ƙanwata tana ajin ƙarshe na sakandare a ƙauyenmu, wajen Maradun, lokacin da malamin fiziks ya tafi, ba a kawo wani ba. Jarabawar fita ta matso, ita kuma aikin jinya take son karantawa, wanda ba a shiga sai da fiziks da lissafi.

Garinmu sabis ba ya tsayawa. Sai ta samo dabara. Duk ranar Talata takan bi innarmu kasuwar Mafara, ta kai memorin wayarta rumfar masu tura finafinai, su sauko mata da darussa daga intanet. In ta dawo ta zauna gindin darbejiya, waya a gwiwa, tana tsayar da bidiyo tana rubutu.

Ni ne babba tun rasuwar mahaifinmu. Wata Talata ina cinikin albasa a kasuwar, wani abokina ya ce, "Ga malamar gidanku can cikin samari, ana zaɓen fim."

Aka yi dariya.

A hanyar komawa na ɗauko ta, na tsayar da babur bakin magudanar ruwan noman rani, na karɓi wayar, na zare memorin.

"Mi ya kai ki rumfar 'yan fim?"

"Yaya, buɗe ka gani. Karatu ne, wallahi."

Na jefa shi a ruwa. Na hana ta kasuwa.

Shekara da shekaru ina cewa mutuncin gida na kare. Ƙarya nake. Na san abin da ke ciki. Na taɓa leƙawa ta bayanta, na ga hannun wani yana zana layuka a baƙin allo yana Turanci, tana gyaɗa kai. Ni da na faɗi lissafi sau biyu ban gane komai ba. Gyaɗa kan nan ne ya tsaya mini a rai.

Ta ci komai, ban da fiziks. Na ce ta sake zama baɗi, ta ce ta gode. Ɗinki take yi yanzu a Bakura, gidan mijinta.

Bara na sayi sabon memori, na sa aka cika shi da darussan, na kai mata. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta karɓa da hannu biyu, ta juya shi a tafinta.

"Kai wa ɗiyarka, Yaya," ta ce, ta miƙo mini. "Amma ka bari ta kalla."