Kawu Ya Ƙi Ɗingishi a Gaban Kyamara

"Kawu, don girman Allah ka yi ɗingishinka!" Abin da na tsinci kaina ina roƙon ƙanin mahaifiyata ke nan jiya a tsakar gida.

Digiri na biyu nake yi a fannin gashin ƙashi. Ɗakin bincikenmu na jami'a ya ara mini kyamarar auna tafiyar masu ciwon ƙafa. Na rungumo ta tun daga Zariya har Birnin Gwari, bakina bai huta da addu'a ba har muka fita dajin nan. Gobe kuma zan mayar.

Shi kuwa Kawu, tun da ya faɗi a babur a hanyar Dogon Dawa yake jan ƙafar hagu. Daga nesa ake gane tafiyarsa, shi ya sa na zaɓe shi.

Ina kunna kyamara sai ga shi cikin babbar rigar Juma'a. Ya jingine sanda, ya miƙe kamar soja, ya je ya dawo babu alamar ɗingishi. Gumi kawai ke zuba.

Na ce, "Kawu, ai ciwon nake so malamaina su gani."

Ya harare ni. "Su ce kawun likita gurgu ne? Ba da ni za a kunyata ki ba."

Ina kashe kyamarar ya zube kan tabarma. "Wayyo gwiwata! Miƙo man zafi."

Jama'a, ku ba ni shawara: yaya zan gaya wa malamina cewa ƙauna ce ta ɓata mini bincike?