Amon Shigifar Gidan Malam Bahago

Duk wanda ya san gidan Malam Bahago a Kwarbai ya san gida ne na masu takarda. Kakan nasu marubucin allo ne, da hagu yake rubutu, shi ya sa sunan ya bi gidan. Cikin jikokinsa akwai alƙali, akwai darakta a Abuja, akwai wadda ta shugabanci makarantar 'yan mata har ta yi ritaya. Sannan akwai Nafi'u. In ana lissafa 'yan gidan, da an zo kansa sai mai lissafin ya ɗan yi gyaran murya ya ce, "To, sai Nafi'u, yana nan sakatariya."

Yana nan sakatariyar kuwa, shekara ashirin da shida a ofishin fayil, kan kujera ɗaya da aka sake wa ƙafa sau uku. A makaranta bai taɓa zuwa na ɗaya ba, bai kuma taɓa zuwa na ƙarshe ba balle a san da zamansa. Abu ɗaya tak aka taɓa cewa ya fi kowa a duniyar nan, shi ne in ya jona jitarsa a amfilifayarsa, ba mai irin amonsa a duk Zariya. Kada ku yi dariya. Bawan Allah ɗan shekara hamsin da biyu a kan wannan maganar yake tsaye da ƙafafunsa, in aka zare ta ban san me zai rage masa ba.

Kayan ya gaje su ne daga wani malamin lissafi ɗan Gana da ya koyar da su a sakandare. Da malamin zai koma ƙasarsu kaya suka yi masa yawa, ya bar masa jita mai lantarki, ja, duk fentinta ya goge, da wata amfilifaya mai kama da akwatin lefen kakanni. Tsohuwa ake ce mata. Ranar da ya shigo da su gida, mahaifinsu ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Shiga da tarkacenka shigifa, inda ba mai jin ka daga waje. Ba za a ce gidan nan ya haifi makaɗi ba." Shigifar ita ce zaure na biyu, ginin ƙasa tun na kakansu, bango mai kaurin da mutum zai kwanta a kai, rufi can sama na ɗaurin guga mai kama da ƙubba. A ciki Nafi'u ya koyi kiɗa huɗu da rabi. Rabin nan tun kafin ya yi aure yake fama da shi.

Duk Asabar bayan la'asar mutum biyu ke zuwa wurinsa. Akwai Isma'ila tela, wanda ko tsirkiya ɗaya bai iya taɓawa ba, amma shi ne alƙali, don kunne gare shi kamar me. Sai Ashiru mai kemis daga Gyallesu. Gaskiya dai a faɗe ta, Ashiru ya fi Nafi'u iya kiɗa nesa ba kusa ba, yatsunsa gudu suke. Jita biyar gare shi, da 'yan akwatunan nan da ake takawa da ƙafa sauti ya canza, da wata amfilifaya ƙatuwa mai tsayin firij. To amma lungun gidan Malam Bahago mota ba ta shiga, don haka firij ɗin nan bai taɓa leƙo Kwarbai ba. Jita kawai Ashiru yake ratayowa a babur, ya zo ya jona a Tsohuwa.

Da ya ja tsirkiya ɗaya, sai sautin ya fito da kauri, ya tashi sama, ya zaga, ya dawo a hankali yana jan jela. Sai Isma'ila ya lumshe ido ya ce, "Kai! Kai! Allah ya ji ƙan ɗan Gana in ya mutu." Ashiru ya koma gida ya jona jitar nan dai a firij ɗinsa, cikin falonsa mai tayil da silin roba, sai ya ji kamar ana ƙwanƙwasa langa. Abin ya hana shi sakat shekara tara.

Ba irin musun da ba su yi ba. Wata Asabar Ashiru ya ce waya ce, ya sayo waya mai bakin ruwan gwal. Wata Asabar ya ce itacen jita ne. Ya ce sifika ce, ya ce wutar Kwarbai ce da ba ta da ƙarfi, har ya sa mai gyara ya rage wa tasa wuta ta kusa ƙonewa. Ya aika Legas aka nemo masa irin Tsohuwa sak, kamfani ɗaya, shekara ɗaya, ya jona a falonsa, langa dai. Nafi'u kuwa ba ya musu da yawa. Sai dai ya shafa kan Tsohuwa ya ce, "Alhaji, abin nan ba saye ba ne. Riƙo ne." Wayyo, daɗin da yake ji in ya faɗi haka! Har Litinin yana tafe ofis yana murmushi shi kaɗai.

Wata rana Ashiru ya matsa sai an kwance bayan Tsohuwa an ga abin da ke ciki. Aka kwance. Sai ga gidan zanzaro, busasshe, manne a kusurwa. Isma'ila ya dafe ƙirji ya ce shi ke nan, asiri ya tonu, wannan ƙasar ce take tace sautin. Ashiru, mutum mai digiri a harhaɗa magunguna, ya koma gida ya kwance bayan tasa ta Legas ya ajiye a baranda sati biyu yana jiran zanzaro. Zanzaro bai zo ba, ɓera ya zo ya cinye wayoyin.

Ana nan, daminar bara ta zo da ƙarfi, bangon shigifa ya tsage ta gabas. Babbar yayarsu, Hajiya Adama, tsohuwar shugabar makarantar, ita ke riƙe da gidan tun rasuwar iyayensu. Ta tara 'yan'uwa a tsakar gida, aka ɗora wayar Abdulhamid, daraktan nan na Abuja, a kan turmi yana magana. Ya ce an gaji da yaɓe duk shekara, maginan ƙasa ma sun ƙare, a rushe a yi na bulo, a sa tayil. Ya ƙara da cewa za a ware wa Nafi'u ɗaki na kansa mai soket huɗu da fanka. Soket huɗu! Nafi'u da ya shekara talatin yana jawo wuta daga ɗakin girki, shi ya fara ɗaga hannu. Aka tsayar da Litinin za a sa diga.

Ranar Asabar ya kwashe komai daga shigifa, tabarmi, benci, tsofaffin jaridu. Ya naɗe Tsohuwa da bargo, ya ɗora a baro, ya tura da kansa har bakin titi, suka sa a motar Ashiru. A Gyallesu za ta zauna har a gama gini. Da suka isa, Ashiru ya kasa haƙuri ya ce a ɗan jona a ji. Nafi'u ya gyara zama, ya ɗaga haɓa, ya ja tsirkiya.

Ƙwar! Kamar rediyon mai shayi da batir ya yi sanyi.

Ya sake ja. Ya murɗa nan, ya murɗa can, ya busa ramin waya. Ƙwar. Isma'ila ya cire hula ya ce, "Innalillahi. Girgizar baro ce. Malam Nafi'u, ka kashe ta da hannunka." Ashiru har da ƙwalla, don shi ma masoyinta ne, ya riƙe hannun Nafi'u yana cewa sai haƙuri, ba za a sake irinta ba, shi shaida ne. Haka suka yi ta yi masa gaisuwa kamar an yi rashin mutum.

Ya dawo gida kafin magariba jiki a sanyaye, ya shiga shigifar da ba komai a cikinta sai ƙurar da ya tayar da safe. Ƙurar ta shige masa hanci, ya yi atishawa. Jama'a, sai ga atishawar nan ta tashi sama, ta zaga, ta dawo a hankali tana jan jela. Ya tsaya cak. Ya ce, "Alhamdulillahi," sai ya ji kamar wani babban gwani ne ya faɗa. Ya tafa hannu. Ya sake tafawa. Sai ya zauna daɓas a ƙasa, don ya gane. Ba Tsohuwa ba ce, ba zanzaro ba ne, ba kuma wani riƙo ba ne. Ɗakin ne.

Safiyar Lahadi ko koko bai iya sha ba. Lissafin a fili yake. In ya yi shiru, gobe a rushe shigifa, magana ta mutu. Har abada za a ce Malam Nafi'u na Kwarbai ya taɓa mallakar amon da ba irinsa, baro ya kashe. Isma'ila ma ya riga ya fara baza labarin a shagonsa, har da ƙari. In kuwa ya buɗe baki aka bar ɗakin, dole ya faɗi dalili, kuma Ashiru ko a kai ne sai ya shigo da firij ɗinsa, daga ranar an gama da Nafi'u. Ya so ya yi shiru, wallahi ya so. Har ya ɗauki hula zai fita yawo don kada zuciyarsa ta canza. Sai hanyar fita ta bi da shi ta shigifa, ya yi tari ba da niyya ba, ya ji yadda ɗakin ya amsa masa. Ya tuna gobe war haka babu wannan a ko'ina. Ya juya.

Hajiya Adama tana zaune a ƙofar ɗakinta tana tsince wake. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya yi ta murza hula.

"Yaya, kada a rushe shigifa."

Ta ɗago ta dube shi ta saman tabarau. "Ikon Allah. Ba kai ka fara ɗaga hannu ba? Har kana tambaya soket ɗin mai ido uku ne?"

"Ni ne, Yaya."

"To me ya faru?"

Ya faɗa mata duka, tun daga ɗan Gana har atishawa. Ya ce, "Yaya, abu ɗaya aka taɓa cewa na fi kowa, ashe shi ma ba nawa ba ne. Na haƙura da wannan. Amma in aka rushe ɗakin, ba zan ƙara jin sautin ba, ko a hannuna ko a hannun wani. Wannan ne ba zan iya ba."

Hajiya ta ajiye faifan wake, ta fashe da dariya har tana dafa bango. Ta yi mai isarta, ta share ido da gefen mayafi ta ce, "Nafi'u, Nafi'u! Sai yanzu ka sani? Mu da muke tsere zuwa shigifa mu biya hadda don muryarmu ta yi daɗi? Inna ma in za ta kira ɗayanmu daga waje a nan take tsayawa. Kaf gidan nan har kaji sun san da haka. Shekara talatin kana ciki kana shafa akwati!"

Kunya ta rufe shi, ya ce, "To me ya sa kuka yarda a rushe?"

Dariyar ta tafi. "Don ba wanda ya ce yana so. Na ɗauka ko kai za ka ce, sai na ga hannunka a sama." Ta jawo wayarta. "Zan kira Abdulhamid, zai yi faɗa, ya yi ya gama. Amma ka ji da kyau: neman magini, da kwaɓa ƙasa, da yaɓen kowace shekara, duk a wuyanka. Ranar da ta sake tsagewa, ni da kaina zan ɗauko diga."

Sai da Nafi'u ya je har Tukur-Tukur kafin ya samo wani dattijon magini da ya yarda ya taɓa ginin. Sati uku Nafi'u yana tashi daga ofis ya naɗe wando ya shiga kwaɓa, maƙwabta suna leƙe suna cewa ashe ma'aikacin fayil yana da ƙwauri. Tun a makon farko ya je ya faɗa wa abokansa gaskiya. Isma'ila ya ce shi dama ya daɗe yana zargin haka, ƙarya yake yi. Ashiru kuwa tambaya ɗaya ya yi, faɗin lungun taku nawa ne.

Asabar ɗin farko bayan yaɓe ya bushe, sai ga firij tafe a kan amalanke, ƙarti biyu suna turawa, yana gogar bangon mutane hagu da dama, Ashiru a gaba yana ba da hannu kamar ɗan sandan hanya. Aka shigar da shi da ƙyar. Nafi'u ya fara, ya jona a Tsohuwa da aka riga aka dawo da ita, amon ya dawo yadda yake, ya yi kiɗansa huɗu da rabi. Sannan Ashiru ya jona tasa jitar a firij.

Ba sai an tambaya ba. Sautin ya cika ɗakin har mutum yana ji a haƙarƙarinsa, mai tsabta, mai zurfi, ga yatsun Ashiru suna zuba. Tsohuwa ba ta taɓa kaiwa nan ba. Da ya tsaya, Isma'ila ya sunkuyar da kai yana wasa da zaren rigarsa, ya ƙi kallon kowa.

Nafi'u ya ce, "Alƙali, yanke mana."

"Haba Malam Nafi'u, ai kowa da irin nasa..."

"Isma'ila, faɗi."

Isma'ila ya ce a hankali, "Na Alhaji ya fi."

Nafi'u ya san haka za a ce, ya shirya mata tun ranar da ya durƙusa gaban yayarsa, amma duk da haka ta soke shi. Ya ji zafi sosai. Ashiru ya rasa inda zai sa idonsa, ya fara naɗe waya yana cewa wai zafi ya yi yawa, a bari sai wani satin.

Nafi'u ya miƙe, ya kama kujerar Ashiru ya ja ta kamar taku biyu zuwa tsakiyar ɗakin, ya ɗan karkata ta gabas.

"Ba nan ake zama ba, Alhaji. Dawo nan, nan ya fi amsawa. Sake yi mana na ɗazun, daga farko."