Malam Ishaya da 'Yan Golmon Dabai

Tun rana ba ta leƙo ta bayan dutse ba Malam Ishaya ya zagaya makarantar Dabai. Ya duba jinka ko gara ta shiga, ya leƙa randar yara, ya gaida mata masu zuwa rafi, sannan ya ce in buga ƙarfe. Ni ne mai gadi, Na'Allah, tsohon soja. Ban san baƙi ba, faɗa nake ana rubutawa, amma na je Kamaru yaƙin Jamus, ƙarti suka zube, na dawo da ƙafata. Ba kowa nake yaba wa ba. Jin za a mai da shi Zuru ya sa na buɗe baki.

Da can mai zafi ne, bulala ba ta barin hannunsa. Sai ƙungiyar malamai ta zaɓe shi, ta ɗauki nauyinsa zuwa Zariya, ya zauna cikin manyan malamai yana koyon riƙon makaranta da jama'a. Muka ce zai dawo da bulala wadda ta fi ta da. Ya dawo hedimasta, hannu ba komai.

Damina ta faɗi. Mai duba makarantu ya riga ya yi gargaɗi: ranar da ya tarar da aji wayam, rufewa zai yi. Ga shi manyan ɗalibai sun isa golmo, noman da saurayi ke yi wa surukansa shekara da shekaru. Wanda ya ƙi fita ya rasa matar, ubansa ya sha kunya.

Wata safiya Sila, shugaban 'yan golmo, ya iso da samari, kowa da garma a kafaɗa.

"Ɗan Zariya, fito muna da ɗiyanmu! Allonka zai ba su mata?"

Na ɗaga sanda. Ni kaɗai na ishe su, kowa ya sani.

"Baba, aje ta," in ji Ishaya. Ya tuɓe takalmi, ya zauna ƙasa gaban Sila. "Kawu, faɗi duka, ina ji."

Sila ya zazzaga har muryarsa ta dushe. Ishaya bai tare shi ba ko sau ɗaya. Da ya gama ya ce, "Safiya taku ce, maraice namu. Amma kai za ka riƙa kawo su, don maganarka suke ji. Ni kuma a ba ni garma."

"Wannan hannun na alli?"

Aka bushe da dariya, amma aka ba shi.

Ba a yi mako ba sai ga mai duba makarantu a kan keke, da hantsi! Aji babu ko kaza. Ya tsaya bakin ƙofa, fuska a ɗaure. Na garzaya gona, na tarar da Ishaya tsakiyar kunya, tafin hannunsa duk ya fashe. Na faɗa. Golmo kuwa ba a tsai da shi ana tsakiyar aiki. Ishaya bai roƙi kowa ba. Sila ya dubi hannun nan, ya tofar da yawu, ya ce, "A ɗauki garma!"

Suka cika ajin maƙil, laka har gwiwa, har da waɗanda ba su taɓa zama benci ba. Sila ya tsaya gaba ya ce wa baƙon, "Makarantarmu ce. Wa zai rufe ta?" Ga ta nan har yau.

Kai ne, Ishaya, mai kunnen sauraro. Kai ne ka raba kaya, kowa ya ɗauka yana ganin nasa ne. Mun gode, Allah ya kai ka Zuru lafiya. Ku kuma malamai, in ƙungiya ta kira ku, ku tafi, ku dawo irin dawowarsa. Ni da na tsaya gaban igwa ban taɓa ganin an ci yaƙi a zaune ba sai ranar nan.