Ranar da Na Kai wa Baba Talabijin Liba

Ana sallame sallar asuba muka bar Birnin Kebbi ranar Juma'ar da ta wuce, ni da abokina mai tsohuwar a-kori-kura. Talabijin ɗina baƙi da fari yana naɗe cikin bargo a kan cinyata, batirin mota yana ƙarƙashin ƙafata. Masu cigiyata kwana biyu, to ga inda na shiga.

Ƙanena ne ya fitar da ni. Mu gidan makaɗan noma ne a Liba ta ƙasar Maiyama. Baba ya tsufa yana bin manoma da ganga, mu 'ya'yansa muna yi masa amshi. Shi kuwa ƙanen nan nawa, tun ranar da ya ga tsofaffin makaɗan Turawa masu jita a gidan bidiyo a Jega, suna tsalle suna karkaɗa ƙafa kamar sun taka garwashi, kansa ya juye. Ya liƙa wa garaya waya, ya haɗa ta da lasifika, yana kiɗa yana girgiza jiki. Baba ya ce ya tozarta gida, ya daina amsa gaisuwarsa. Abin yana cin raina ƙwarai.

Sai ga gidan talabijin na sabuwar jiharmu sun gayyace shi shirin la'asar na ranar Juma'a, kai tsaye. Suka kafa masa sharaɗi: ya sa babbar riga, ya zauna kan darduma, ya yabi jiha, shi kaɗai ba 'yan amshi. Na ce madalla! In Baba ya gan shi zaune cikin natsuwa, rigima ta ƙare. Na ara masa rigata, na sa ya yi mini alkawarin ko ƙafa ba zai motsa ba.

Hanya daga Kalgo ba ta da tausayi. Duk ramin da muka faɗa sai na ƙanƙame talabijin ina salati, abokina yana dariya wai ko ɗan fari ban riƙe haka ba. Hantsi ya yi mana a Jega, ranar kasuwa, manyan motoci sun toshe gari. Muka karya da waina da soyayyen kifi a unguwar Jega Magaji, kifin da har yanzu nake tuna shi, sannan na sayi eriya. Mai kantin ya ce in dai Liba za mu, mu nemi gora mafi tsawo a duniya.

Daga nan muka ratse Aliero ɗauko Gwaggo, yayar Baba, don ita kaɗai ke iya ɗaga masa murya. Lokacin cirar albasa ne. Tun kafin ka ga garin hancinka ya riga ka isa. Buhuna jibge bakin titi, ta yi arha har manoma na ƙunƙuni. Abokina ya ce in talabijin ya karye kada in damu, mun zo garin masu ɗori. Gwaggo ta leƙa cikin bargon ta taɓe baki.

"Kai dai akwai shisshigi," in ji ta. "Wanga akwati shi ka gyara abin da ni ban gyara ba?"

Duk da haka ta yafa mayafinta ta shige gaba, ni da talabijin muka koma baya cikin rana tare da buhun albasar da za ta kai tsaraba.

Muka sake bi ta Jega muka miƙa kudu. A Maiyama muka yi Juma'a, muka sha fura da nono mai sanyi wurin wata Bafillatana, muka samo gorar. La'asar sakaliya muka kafa kayanmu a ƙofar gidanmu a Liba, abokina a kan katanga yana juya eriya, rabin gari ya taru. Baba ya amsa gaisuwata, ya gaida yayarsa, sannan ya juya wa talabijin baya ya ci gaba da gyaran tsarkiyar gangarsa.

"Ba ni kallon shashanci," ya ce.

Hoto ya fito yana rawa, amma ga ƙanena nan cikin rigata, zaune kamar ango. Ya fara yabon jiha a hankali. Na ji sanyi a raina, ina ta satar kallon ƙeyar Baba.

Ban ankara ba sai na ga ƙafarsa tana buga darduma. Na ce a'a, kai, kada ka yi mini haka! Ina! Zumbur ya miƙe. Hula ta faɗi, mai ɗaukar hoto ya rasa kan ƙanena, sai ƙirji da garaya muke gani. Can gefe hannun mai gabatarwa ya shigo yana yi masa alamar ya zauna. Ko kallo bai ishe shi ba. Ya watsar da yabon jiha ya juya kiɗan gidanmu, wanda muke shigar da manoma gona da shi, garayar tana kururuwa ta lasifika. Wallahi gumi ya jiƙa ni, na ce yau na kashe maganar da hannuna.

Sai ya ɗaga murya: "Ina manoman Liba?" Ya ɗauke hannu daga tsarkiya, ya tsaya yana jira.

A gidanmu ba a barin kira ya faɗi ƙasa. In jagora ya kira aka rasa mai amsawa, gidan ne duka ya ji kunya. Can inda yake ba kowa, mu kuma nan tsoron Baba ya ɗaure mana baki. Tsit. Ya sake kira.

"Ga mu bakin gona!"

Daga bayana ta fito, muryar da na tashi da ita. Na waiwaya na ga Baba tsaye, ganga rataye a kafaɗa. Jama'a suka ɗauka gaba ɗaya, Gwaggo ta rangaɗa guɗa. Ƙanena ba ya jin mu, amma ya koma kan kiɗan daidai inda amshi ke ƙarewa. Ana haka hoto ya ɗauke, suka sa taswirar jiha.

"Wa yak kashe shi?" in ji Baba.

Na ce su can ne suka yanke shi, Baba.

"Ba su san kiɗi ba." Ya zauna, ya dube ni. "Ka ce ma ƙanenka hannunai na da sauri, shina tsere ma manoma. Shi taho kahin damana in gyara mai."

Washegari muka sauke Gwaggo a Aliero, tana cewa ita ta san haka za a yi, muka kamo hanyar gida. Abin da na koyo a tafiyar nan: na sha rami da rana don in nuna wa Baba ɗa mai zama, ashe mai tsayuwar ne ya gane nasa.

Na tarar da ƙanena tsaye a ƙofar ɗakina da rigata a ninke. An ce masa kada ya sake taka gidan talabijin, yana kuma jiran faɗana. Na faɗa masa saƙon Baba kalma da kalma. Ya dube ni, ya sa na maimaita, hawaye suka zubo masa. Sai a lokacin na ga ya zauna.